Anti Kwalba da Maganin Auta

Shekara uku na yi muna teburi ɗaya da Anti Kwalba, ko da yake ita ba mai zama ba ce. Takan shigo ofis wajen ƙarfe ɗaya na rana, ta jibge jakarta a kan takarduna, ta zare takalmi, ta ɗora ƙafafu a kan kwalin tsofaffin fayil, sannan ta ce, "'Yar nan, miƙo min ruwa kafin in mutu in bar miki aiki." Kullum sai na ce ta ɗauke min jakar. Kullum sai ta yi kamar da bango nake magana.

Ofishin namu wani ɗan ɗaki ne a bayan sashen yara na asibiti, tsakanin ɗakin gwajin jini da wurin wankin zannuwan gado. Taga ɗaya ce, fanka ɗaya mai ƙara ba iska, sai firjin ajiye jini wanda ya fi mu daraja, don in wuta ta ɗauke lafiyarsa ake fara tambaya kafin tamu. A nan ake gudanar da bincike a kan wani maganin yara masu sikila, ciwon nan da yaro ke gada in uwa da uba duk suna ɗauke da shi a jini, ko da su lafiyarsu ƙalau. Yara ɗari da ashirin aka ɗauka, daga shekara biyu zuwa goma. Ana ba su maganin kyauta, ana gwada jininsu duk wata, a ga ko ciwon ƙashi da yawan kwanciya asibiti za su ragu. Ni aikina in zuba duk abin da aka rubuta a kwamfuta. Ita kuma Anti ta bi gida-gida, ta karɓo kwalaben da aka shanye, ta ƙirga ƙwayar da ta rage, ta zaƙulo duk wanda ya ƙi zuwa ranar gwajinsa. Jakarta tana ƙarar kwalabe tun daga bakin lungu, shi ya sa yara suka laƙaba mata sunan, har Likita ma da shi yake kiranta.

Ba makaranta ce ta kawo ta wannan aiki ba, ciwon ne. 'Ya'ya huɗu ta haifa, biyu da sikila, kuma ta shafe kusan shekara goma sha biyar tana shimfiɗa tabarma a gefen gadon asibiti, har ta san wace ma'aikaciyar jinya ce ke samun jijiya a sukar farko, wace ce sai ta huda hannun yaro sau biyar tana tsaki. Namijin ya rasu yana da shekara tara. Macen tana nan ta kai ashirin da shida, ƙugunta ya lalace, tana gida tana saƙa hulunan jarirai. Mijin Anti kafinta ne, ya riga mu gidan gaskiya tun kafin in san ta. Da yake ta zama 'yar gida a sashen, duk sabuwar uwar da aka faɗa wa sakamakon ɗanta ta ɗora hannu a ka, sai a ce a kira mata Anti. Daga nan aka ba ta shara da goge-goge, daga shara aka ce ta riƙa kiran suna a layi. Da binciken ya zo, Likita ya ce ba wanda ya san gidajen nan kamarta.

Gaskiyarsa ne, amma ni na sha wahalar wannan sani nata. Inda takarda ta ce a rubuta adireshi, sai Anti ta rubuta "bayan injin niƙa, ƙofa shuɗiya, akwai kare amma tsoho ne." Ni kuma kwamfuta lambar gida take nema. In na yi mita sai ta ce, "To ki aiki kwamfutar taki ta je ta nemo su." Rubutunta kuwa sai na juya takarda sama da ƙasa kafin in gane bakwai ce ko ɗaya. Abin da ta iya wanda babu a takarda shi ne duban yaro. In ta shiga gida ba ta fara da kwalba. Sai ta jawo yaran ɗaya bayan ɗaya, har na maƙwabta, ta ja fatar idonsu ƙasa, ta taɓa cikinsu, ta dubi yadda suke taka ƙafa. Sau uku na sani ta ɗauko yaro a babur ɗin haya ta kawo shi, uwarsa tana biye tana rantsuwar lafiyarsa lau, aka duba aka ga jininsa ya kusa ƙarewa.

Mu huɗu ne dai kullum. Ni, Anti, Likita, wani siririn mutum da bai taɓa gama shan shayinsa da zafi ba, sai mai ɗibar jini wanda yara ke kira Sauro. Shi ma ya haƙura da sunan. Duk a gajiye muke. Aiki ne da ba ka ganin ƙarshensa da ido, yau cike fam, gobe cike fam, jibi a dawo maka da na shekaranjiya wai ka manta kwanan wata.

Yarinyar da ta jawo duk abin da zan faɗa, a kwamfutata Lamba Arba'in da Bakwai ce, a gidansu kuma Auta. Shekararta shida. Uwarta tela ce, uban direban babbar mota, sai ya yi wata biyu bai kwana gida ba. Su biyu ne mata, ita da yayarta, kuma duk suna da sikila. Ranar da aka buɗe rajista uwar ta zo da su biyun, kaya iri ɗaya, ɗinkin hannunta. Ni na karɓi takardun haihuwarsu. Ta Auta ta wuce. Ta yayar, na duba na sake dubawa, ta haura shekara goma da wata huɗu.

Uwar ta ce, "Malama, wata huɗun nan ba za a yafe ba? Ai ita ta fi shan wuya."

Na ce mata ba ni ba ce, kwamfuta ce ba ta karɓa. Kuma ba ƙarya na yi ba, in ka sa ranar haihuwar akwatin ja yake zama, ba ya barin ka wuce. Amma har yau ina jin kunyar yadda na faɗe shi ina kallon na baya a layi. Ta yi godiya, ta sa hannu a takardar Auta, suka tafi.

Daga nan Maman Auta ta zama abin misali. Ba ta taɓa saɓa ranar gwaji ba. Kwalbarta kullum dawowa take fayau, ranar da ya kamata ta ƙare ranar take ƙarewa, ba saura ko ɗaya. Likita har cewa yake da sauran iyaye su yi koyi da ita. Sai dai jinin Auta ya ƙi nunawa. Akwai wata alama da ke tashi a jinin yaro in maganin ya kama shi. Ta sauran yara tana hawa, tata tana jan ciki. Ciwon ƙashi kuma bai bar ta ba. Likita ya sa Sauro ya sake gwajin sau biyu, har Sauro ya yi fushi ya ce in ba a yarda da hannunsa ba a faɗa masa. Da aka ga haka, Likita ya ce wataƙila jikinta ne mai taurin kai, ya ƙara mata daga ƙwaya biyu a rana zuwa uku. Bayan wata uku ya mai da su huɗu. A nan ne alamar ta fara motsi, kowa ya ce madalla.

Wata ranar Talata Anti ta shigo ba ta nemi ruwa ba. Ta ajiye jakar a ƙasa, abin da ban taɓa gani ba, ta tura ƙofa.

Ta ce, "Yaushe rabon da ki ga an kwantar da yayar Auta?"

Na ce, "Ba ta cikin yarana, ina zan sani?"

"Wata tara. Yarinyar da ba ta cika wata ba a ɗauko ta ranga-ranga ba. Yau na gan ta tana tsallen igiya."

Ban gane ba sai da ta ƙarasa. Ranar ta canza hanya, ta fara da gidansu da sassafe maimakon hantsi. Ta tarar da uwar ta jera murfin kwalba biyu a kan keken ɗinki, ƙwaya biyu a wannan, biyu a wancan, yaran suna tsaye kowacce da kofinta. Tun ranar farko haka ake yi. Da ƙwaya biyu ce, ɗaiɗai suke sha. Da ta zama uku, babbar biyu, Auta ɗaya. Yanzu da ta kai huɗu, an raba daidai.

"Me ta ce miki?"

"Me za ta ce? Ta durƙusa ta riƙe min ƙafa. Ta ce, Anti, ke uwa ce. Yaya zan yi in ba wannan, waccan tana kallo?"

Na ce dole a faɗa wa Likita. Na faɗa da ƙarfi kuwa, don raina ya ɓaci. Wata da watanni ina zuba ƙarya a kwamfuta ban sani ba. Na tuna mata maganin nan ba alewa ba ne, yana iya kassara jinin yaro, shi ya sa ake gwaji duk wata, ga babbar tana sha ba mai duba ta. Na tuna mata takardar da uwar ta sa wa hannu ta ce duk wanda ya ba wani maganin za a iya cire ɗansa.

Anti ta ce, "Yauwa, kin faɗa da bakinki. In na yi magana a cire Auta. Yanzu yara biyu na sha, gobe babu ko ɗaya. Shi kike so?"

"Ba abin da nake so ake magana ba, Anti. Doka ce."

"Babbar ni zan riƙa duba ta. Auta kuma biyu take sha, abin da aka rubuta mata tun farko ke nan. Wa aka cuta?"

Na ce ban yarda ba. Sai ta zauna, ta murza gwiwarta, ta ba ni labarin da a duk zamanmu ba ta taɓa ba ni ba. Ta ce akwai shekarar da aka kwantar mata da yaranta biyu rana ɗaya, gado da gado, duk suna buƙatar ƙarin jini, kuma leda ɗaya tak aka samu da ta dace da su. Aka ce wata za ta zo washegari. Ma'aikaciyar jinya ta tsaya da ledar a hannu tana kallonta. Anti ta nuna macen, don ita ta fi galabaita a ido. Ledar ta biyu ta zo, amma ba ta tarar da yaron ba.

"Ba wanda ya ce na yi laifi," in ji ta. "Har ubansu bai ce ba. Amma ni na ɗaga yatsa. Matar nan ta ƙi ɗaga nata, ni ba zan je in ɗaga mata ba."

Na juya ga kwamfuta, na buɗe layin Arba'in da Bakwai, na rubuta an sha duka. Haka na yi ta rubutawa har wata biyar. Ba tausayi kaɗai ba ne, ba zan yi wa kaina ado ba. Akwai lalaci a ciki, da tsoron tarin takardun da za su biyo baya, da kuma daɗin wannan lissafi na Anti, cewa biyu dai biyu ce. Abin da ni da ita muka ƙi kallo shi ne, a jikin kwalbar huɗu aka rubuta, da manyan baƙaƙe.

Sai kakar yaran ta wajen uwa ta faɗi ciwo a wani gari. Maman Auta ta tafi jinya ba shiri, ta bar su hannun gwaggonsu, ƙanwar uban. Dangin miji ba su san da rabon ba, don ta ɓoye musu. Babbar kawai uwar ta ja gefe ta ce mata ta ci gaba da yadda aka saba. A daidai lokacin ne kuma gwiwar Anti ta kumbura, aka ba ta hutun mako biyu, ta ƙara na uku da kanta. Gidan bai ga kowa daga wurinmu ba.

Ranar wata Alhamis da hantsi aka shigo da Auta a kafaɗa, jiki zafi rau, baki duk ya fashe, ko kuka ba ta iya yi. Sauro ya ɗebi jini, ya dawo da takardar da kansa maimakon ya aiko, fuskarsa ba annuri. Ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta sun kusa ƙarewa. Aka keɓe ta a ɗaki ita kaɗai, aka tsayar da maganin, aka ɗaura mata ruwa.

Likita ya zo ya tsaya a bayana ya ce in buɗe masa layinta tun daga farko. Ya bi da yatsa a kan gilashin, wata bayan wata. "Ƙwaya huɗu, lafiya. Huɗu, lafiya. Huɗu, lafiya. Sai yanzu rana tsaka? Me ya canza?" Na ce ban sani ba. A lokacin da gaske ban sani ba. Ya ce dole ya kai rahoto ga shugabannin binciken kafin Asabar. In maganin yana iya yin haka ba gargaɗi, to duk yaran da aka ƙara wa, su talatin da wani abu, sai an rage musu ko a dakatar. Auta kuma za a rubuta jikinta ba ya ɗaukarsa, ba za a ƙara ba ta ba har abada.

Washegari Anti ta dawo aiki tana dogara bango. Tun kafin ta iso ofis ta ga babbar a kan benci a baranda, ita kaɗai, kayan makaranta a jikinta. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji su.

"'Yata, wa ke ba ku magani da Mama ba ta nan?"

"Gwaggo ce ta karɓe kwalbar. Ta ce yara ba sa riƙe magani."

"Nawa take ba Auta?"

"Huɗu. Ta karanta a jiki." Ta sunkuyar da kai. "Na ce mata biyu rabona ne. Ta ce in daina kwaɗayi, sunana ne a jiki?"

"Kwana nawa?"

"Tun ranar da Mama ta tafi. Anti, ni na jawo ko?"

Anti ta ce a'a, ta dafa kanta, ta sake cewa a'a. Gwaggon ba ta yi laifin komai ba, baiwar Allah. A duk cikinmu ita kaɗai ta bi abin da aka rubuta. Kusan wata guda yarinya 'yar shekara shida tana shan ninkin abin da jikinta ya saba.

Anti ta shigo ta tsaya a kaina. Ta ce, "Tashi."

Na ce, "Anti, bari mu yi tunani tukuna."

"Na gama tunani a baranda. In ba ki zuwa, ki matsa min kujerar in wuce."

Na bi ta. Likita yana rubuta rahoton, ya kai rabi. Anti ba ta zauna ba, ba ta yi dogon gaisuwa ba. Ta ce, "Likita, kar ka aika takardar nan. Maganin ba shi da laifi. Auta ba ta taɓa shan huɗu ba sai watan nan." Ta zayyana masa komai, murfin kwalba biyu, keken ɗinki, gwaggo.

Na zaci zai yi faɗa. Da ya yi, da ya fi sauƙi. Ya cire tabarau ya ajiye, ya rufe ido da tafin hannu.

"Tun yaushe kika sani?"

"Wata biyar."

Ya dube ni. "Ke fa?"

Na ce ni ma.

Ya ce, "Da hannuna na ƙara mata. Sau biyu. Ina zaune a nan ina yabon uwarta." Ya dubi Anti. "Anti, da kin faɗa min, ko ba komai da na mai da rubutun jikin kwalbar zuwa biyu."

"Da ka cire ta."

"Wataƙila. Ban sani ba. Ba ki bar ni na sani ba."

Anti ta ce, "Haka ne." Iyakar abin da ta faɗa ke nan don kare kanta. Sai ta ƙara da cewa ni yarinya ce, ita ta hana ni magana. Shekarata talatin da huɗu, da 'ya'ya biyu, amma na bar ta ta faɗa.

Auta ta yi kwana goma sha ɗaya, ta tashi. Uwarta ta dawo a rana ta uku, kuma da ta ji Anti ce ta buɗe maganar, ta bi ta gefenta a baranda kamar ba ta taɓa ganinta ba. Sai wasiƙu suka fara kai da kawowa. Aka zo daga sama aka zauna da mu ɗaya bayan ɗaya a ɗakin da ke da sanyi, aka tambaye mu abu ɗaya ta hanya goma. Mako shida ana haka. Sauran yaran ba a taɓa musu magani ba, wannan kam an tsira da shi. Ni aka ba ni takardar gargaɗi, aka sa na koma layin Arba'in da Bakwai na sa wa kowane wata alamar kada a yi amfani da shi. Duk jinin da Sauro ya ɗiba a hannun yarinyar nan tana ihu, ya tashi a banza.

Hukuncin Auta ya zo da sauƙin da ba mu zata ba. Ba a cire ta ba. An ce a ci gaba da ba ta ƙwaya biyu, amma kwalba ba za ta ƙara kwana a gidansu ba. Ma'aikaci zai kai kullum da safe, ya ba ta da hannunsa, ya tabbatar ta haɗiye, ya sa hannu. Anti kuma aka ɗauke ta daga zagayen gidaje aka ba wata sabuwa mai takardar makaranta. Da aka rasa wanda zai yarda da sammakon kullum har Asabar da Lahadi, Anti ta ce a ba ta. Aka ba ta, ba wanda ya yi gardama.

Babbar fa? Likita ya rubuta ya roƙa a ba ta maganin a gefe, ko ba a sa ta a lissafi ba. Aka amsa cewa ana dubawa. Ya sake rubutawa, aka ce har yanzu ana dubawa. A kantin magani ana samunsa wata ɗaya ya ɓace wata uku, kuma ko yana nan ya fi ƙarfin keken ɗinki. Cikin wata biyu aka kwantar da ita sau biyu.

Sabuwar dokar ta ce sau ɗaya a wata mutum na biyu ya raka Anti ya shaida. Wata Asabar ta faɗo kaina. Muka sauka daga mota ƙarfe bakwai saura, muka taka lungun a hankali saboda gwiwarta. Jakar yanzu ba ta ƙara, kwalba ɗaya ce a ciki. Yaran da ke wasa a ƙofar gidaje suna kiranta, tana ɗaga musu hannu ba ta tsayawa.

Ɗaki ɗaya ne da 'yar baranda, keken ɗinkin a bakin ƙofa inda haske yake. Maman Auta ta amsa sallama ba ta ɗago ba, ƙafarta ba ta daina taka keken ba. Anti ta gaishe ta, ta tambayi jikin kakar yaran, uwar ta ce da sauƙi, shi ke nan. Ba a ce mu zauna ba. Anti ta jawo kujera 'yar tsugunne da kanta.

Babbar ce ta kawo ruwa. Tana tafiya tana dafa bango, ta rame, farin idonta ya koma ɗorawa. Ta gaishe mu da ladabi, ta riƙe kofin da hannu biyu. Auta ta fito tana miƙa, ta yi ɓulɓul, kumatu sun ciko. Anti ta buɗe kwalbar, ta zuba ƙwaya biyu a tafinta, ta rufe, ta mai da ita can ƙasan jaka. Auta ta watsa su a baki, ta karɓi kofin daga hannun yayarta, ta kurɓa, ta haɗiye da ƙara. Na ɗauko biro zan sa hannu.

Anti ta ce, "Dakata." Ta jawo yarinyar tsakanin gwiwoyinta. "Buɗe baki."

Ta buɗe.

"Ɗaga harshe."

Auta ta tsaya. Ta dubi uwarta, uwar tana kallon allura. Ta dubi yayarta.

"Ɗaga, 'yar albarka."

Ta ɗaga. Ƙwaya ɗaya tana kwance a ƙarƙashi, ta fara narkewa a gefe.

Keken ɗinkin ya tsaya. Anti ta karɓi kofin ta miƙa mata, muryarta daidai. "Haɗiye."

Idon yarinyar ya cika. Ta girgiza kai, ta nuna yayarta da haɓa, don bakin ba ya rufuwa.

Babbar ta ce, "Haɗiye mana, Auta. Ni ba na so. Ɗaci gare shi."

Ta haɗiye. Anti ta sake duba bakin, sama da ƙasa da cikin kumatu, sannan ta sa hannu a takarda ta miƙo min. Na sa nawa. Keken ya ci gaba da tafiya, muka yi sallama, babbar kaɗai ta amsa.

A bakin titi Anti ta zauna a kan dakalin wani shago da ba a buɗe ba, ta miƙe ƙafar tana murzawa. Na tambaye ta ko yau ne farko.

Ta ce, "Kullum sai ta ɓoye. Ba wanda ya sa ta, na tambaya. Kullum sai ta ɓoye, kullum sai na sa ta haɗiye."

Na ce ko in yi wa Likita magana a samo wani ya karɓe ta, ko na mako ɗaya ne, ta huta.

"Wani zai yi mata tsawa," in ji ta.

Motoci biyu suka wuce a cike. Na tambaye ta saura wata nawa binciken ya ƙare.

Ta ce goma sha ɗaya.